Motar Kwalliya a Hanyar Mairuwa: Ko Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Bayan an gama girbin masara ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Yaro ne mai ƙwazo, ba shi da ƙiwuya. Ya yi shekaru yana sayen hatsi a kasuwannin Dandume da Funtua yana lodi zuwa Kudu, Allah kuwa ya sa wa neman nasa albarka. Da muka gama gaisawa, aka kawo masa ruwa ya sha, sai ya matso kusa ya fito da wayarsa, ya ce, "Kawu, ku duba wannan ku sa mini albarka." Na sa tabarau na duba. Hoton mota ne, salun sabuwa fil, ja wur, ƙafafunta baƙaƙe manya-manya, bambarta ta gaba ta sauko kamar za ta lashi ƙasa, ga wani ɗan fiffike a kan but. Ya ce dillalin ya nuna masa iri biyu, da mai kwalliya da marar kwalliya, amma ya ba shi shawara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai kwalliyar, wai ita ce ta wasanni, ita ce ta manyan yara.

Na ce masa, "To ɗana, injin wannan ya fi na ɗayar ne?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce bai tambaya ba. Na ce, "Tayar nan in ta fashe maka a Sheme, akwai irinta a Funtua?" Ya ce ita ma bai tambaya ba. Na ce, "Ranar da ruwan Agusta ya zaizaye hanyar gidanku, wannan bamba za ta wuce?" Sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu ke nan, ku dai har gobe Fijo ce a ranku."

Ban musa masa ba, gama akwai gaskiya a maganarsa. Amma tun daga ranar abin yake yi mini yawo a zuciya. Na kuma lura ba shi kaɗai ba ne. Akwai matasa 'yan kasuwa da ma'aikata daga yankinmu na Kankara da Faskari da Sabuwa waɗanda Allah ya buɗa musu, suna zaune a Kaduna ko Abuja ko Katsina, suna ta wannan lissafi. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo zancen wannan fili mu tattauna. Ra'ayina dai a bayyane yake. Wanda gidansu yake Mairuwa ko wani gari mai kama da ita, wanda kuma motarsa za ta riƙa zuwa gida, bai kamata ya ƙara ko kwabo a kan kwalliyar wasanni ba. Bari in kawo dalilaina, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko ya kamata mu san abin da ake sayar mana. Kusan kowane kamfanin ƙera motoci yana da suna na musamman da yake laƙaba wa irin wannan ado. Mercedes suna da AMG Line, BMW suna da M Sport, Lexus suna da F Sport, Hyundai suna da N Line, Kia kuma GT-Line. Toyota sukan sa harafin SE ko XSE a bayan Camry, Honda kuwa su rubuta Sport a bayan Accord. Waɗannan sunaye suna tuna wa mutum motocin tsere, an kuma zaɓe su ne domin su yi haka. Amma galibi abin da mutum zai samu shi ne wili mafi girma, da taya siririya, da bamba mai saukowa ƙasa, da fiffike a baya, da baƙin fenti inda dā ake sa ƙarfe mai walƙiya, da jan zare a ɗinkin kujeru. A wasu kuma akan ƙara wa shokozoba tauri. Injin kuwa sau da yawa shi ne dai wanda yake cikin marar kwalliyar.

Ga misali, domin kada a ce zance nake yi a iska. Toyota Camry ƙirar Amurka ta shekarar 2018, wadda ire-irenta suka shigo ƙasar nan da yawa, tana da inji mai lita 2.5. A cikin L da LE da SE wannan inji yana ba da ƙarfin doki 203. A cikin XSE, wadda ta fi su kwalliyar wasanni, yana ba da 206. Watau bambancin doki uku ne a cikin ɗari biyu da 'yan kai, abin da ba direban da zai ji shi a ƙafarsa. Wanda yake son ƙarfi na gaske sai ya biya kuɗin babban inji, wannan kuwa ciniki ne dabam. Ban faɗi haka domin in kushe kamfanin ba, gama su ba su ɓoye ba, a rubuce yake a takardunsu. Mu ne ba mu karantawa, dillali kuma ba aikinsa ba ne ya rage wa kansa riba.

Sai batun taya, wanda a wurina shi ne babba. In mai karatu ya duba gefen tayar mota zai ga lambobi kamar 205/65 R16. Lambar farko faɗin tayar ce da milimita. Ta biyu tana nuna tsayin gefen tayar, watau kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. Ta uku girman wili ne da inci. Camry L ta 2018 tana zuwa da 205/65 R16, saboda haka robar da take tsakanin ƙarfen wili da ƙasa ta kai milimita 133. XSE kuwa tana zuwa da 235/40 R19, robarta milimita 94 ke nan. An rage kusan santimita huɗu na roba da iska. Wannan roba da iska kuwa su ne katifar mota. Su suke fara karɓar duka sa'ad da aka faɗa rami, kafin dukan ya kai ga wili da shokozoba da bayan wanda yake zaune a ciki.

A kan titi mai santsi, irin na Jamus ko na tsakiyar Abuja, siririyar taya tana da amfaninta, gama tana sa mota ta kama kwana sosai. To, amma mu da muke bin hanyar Funtua zuwa Gusau, mu ratsa Mairuwa da Sheme da Yankara, mun san abin da manyan motoci da ruwan damina suke yi wa kwalta. Mun kuma san cewa da zarar an sauka daga babban titi za a nufi ƙauye, sai burji da laka da kwazazzabai. Siririyar taya in ta daki bakin rami da gudu, ko dai gefenta ya yi ƙullutu, ko wilin ya lanƙwashe, ko ma ya tsage. Mai faci zai iya toshe hujin ƙusa, amma ba shi da maganin ƙullutu a gefen taya, sai dai a jefar a sayi wata. Wilin ƙarfe na dā in ya lanƙwashe akan buga masa guduma a ci gaba da tafiya. Wilin alminiyam mai ado in ya tsage, waldarsa sai gwani, ko an yi ma hankali ba ya kwanciya. Taya mai inci 15 ko 16 kuwa kusan kowane mai sayar da taya a Funtua yana da ita. Mai inci 19 sai an yi sa'a, in ba haka ba a aika Kaduna ko Kano, mota tana kan jak ana jira.

Haka nan batun bamba. Masu wannan ado sukan ƙara wa mota leɓe a gaba da siket a gefe domin a ga kamar ta kwanta a ƙasa. Garuruwanmu da suke bakin titi kuwa sun cika da tudun rage gudu, wasu hukuma ta yi, wasu jama'a suka yi da kansu bayan mota ta kashe musu yaro. Ba a yi su da ma'auni ɗaya ba. Na taɓa ganin wani saurayi da ya zo biki da irin wannan mota, sai da ya sauke fasinjojinsa duka, ya karkace ta, ya hau tudun a gicciye kamar mai tsallaka rafi, duk da haka muka ji ƙarar roba tana karyewa. Yara suka tsinci guntun suna wasa da shi. Roba ce kawai, amma a ƙarƙashin motar nan akwai kaskon baƙin mai da salansa, su kuma in dutse ya same su tafiya ta ƙare.

Fiffiken baya fa? A motar tsere yana da aiki, domin iska tana danna shi ta manne motar da ƙasa. Amma sai an kai wani irin gudu wannan yake tasiri. Dokar hanya ta ƙasar nan, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 take lura da ita, ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. A irin wannan tafiya ɗan fiffiken kan but ado ne kurum. Abin da ya fi damuna shi ne yadda sunan wasanni yake shiga kan matashi. Mutum ya zauna a kujera mai jan zare, ya riƙe sitiyari mai kauri, sai zuciya ta raya masa cewa shi ɗan tsere ne. Alhali kuwa in gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka har huɗu. A hanyarmu akwai shanu, akwai 'yan acaɓa, akwai yara masu tallar rake da gyaɗa. Su ba su san an sayi motar wasanni ba.

Yaron nan ya ce Fijo ce a raina. To, bari in faɗi dalili. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo kuma ta mai da 504 motar manyan jami'an gwamnati domin a rage almubazzaranci. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, wannan mota da suke gani kamar ta tsofaffi ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, gasar da ake yi cikin ƙura da taɓo da duwatsu. Ta ci ne domin tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna da wurin motsi sama da ƙasa, jikinta kuma yana jure duka. Ashe ke nan motar wasanni ta gaske a ƙasar Afirka ita ce mai tsayi da juriya. Ban ce a koma wa 504 ba, zamaninta ya wuce, motocin yau sun fi ta tsaro da tsimin mai nesa ba kusa ba. Amma tambayar da masu ƙera ta suka yi wa kansu, watau wace irin hanya motar nan za ta bi, ita ce tambayar da ya kamata mai saye ya yi har yau.

Yanzu mu zo ga aljihu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Mota da kayan gyaranta kuwa da dala ake shigo da su. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Inshorar dole da dā ake biya naira 5,000 ta koma 15,000 tun Janairun 2023, ita kuwa ba ta gyara motarka, ta wanda ka buge take gyarawa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Ko da mun ɗauka sabuwar salun naira miliyan 30 ce, mai wannan albashi sai ya yi shekara 35 da ɗoriya bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗinta.

A irin wannan hali, duk abin da aka ɗora a kan farashin mota saboda ado kuɗi ne mai nauyi. Ga ɗan kasuwar hatsi, jari ne aka cire daga buhunan da za su juya su kawo riba, aka manna a jikin ƙarfe. Ga ma'aikaci, kuɗin makarantar yara ne, ko rufin ɗakin tsohuwa a gida. Kuɗin kwalliya kuma ba ranar saye kaɗai ake biyansa ba. Kowace taya da za a canza ta fi tsada. Kowace fitila da bamba da za a nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ta fi wuyar samu, domin irin motar ba ta da yawa a gari. Faffaɗar taya ma tana ɗan ƙara shan mai. Wanda kuwa ya ci bashi domin wannan, ya tuna da maganar magabata cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce mota ai kadara ce a Nijeriya, tun da yake wanda ya saya a 2020 ya sayar a 2024 ya karɓi kuɗi fiye da abin da ya biya. Gaskiya ne ya karɓi takardun naira masu yawa. Amma ya ɗauki kuɗin nan ya koma wurin dillali ya ga ko za su saya masa sabuwa irin wadda ya sayar. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta faɗi. Ranar sayarwa kuma, mai saye a yankinmu inji yake saurara, ya duba giya, ya leƙa ƙarƙashi. Karyayyen leɓe da wili mai tabo rage mata kuɗi za su yi.

Akwai wani dalili da ba na jin daɗin faɗarsa, amma rufe shi ba amfani. Kowa ya san abin da ƙasarmu ta gani. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau cikin ƙaramar hukumar Faskari. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Kankara da Funtua. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi. Muna roƙon Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa. Amma hukumomi da kansu sun sha faɗa cewa masu kai wa ɓarayin daji rahoto suna cikin jama'a.

A fahimce ni da kyau. Ban ce wanda aka sace shi ya jawo wa kansa ba. Ɓarayin nan sun ɗauki manomi a gonarsa, sun ɗauki mace a hanyar rijiya, sun ɗauki wanda ko keke ba shi da shi. Laifin duka nasu ne. Abin da nake cewa shi ne, mota ja mai baƙin wili da fiffike, in guda ɗaya ce tak a tsakanin Funtua da Tsafe, kowa zai san ranar da ta shigo, da gidan da ta kwana, da lokacin da ta fita. Mai motar zai koma birni ranar Litinin, amma mahaifinsa da ƙannensa suna nan, an kuma riga an yi musu kuɗi a zuci. Wasu sukan ce za su sa baƙin gilashi su ɓuya. Baƙin gilashi yana ɓoye fuska, ba ya ɓoye mota, ga shi kuma tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izini. Motar da ta yi kama da sauran motocin hanya ta fi ba mutum sutura.

Sa'an nan mu tuna cewa a ƙauye mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk wanda ya ajiye mota a ƙofar gida a Mairuwa ya san za a buga masa ƙofa da tsakar dare. Mace ce naƙuda ta yi mata tsanani, a kai ta Babban Asibitin Funtua. Yaro ne maciji ya sara a gona. Tsoho ne numfashi ya sarƙe masa. Ran biki ita za ta ɗauko amarya, ran rasuwa ita za ta kai 'yan ta'aziyya, ran komawa birni kuma inna za ta cika but da masara da wake da daddawa. Wannan ita ce hidimar da take jawo wa mota albarka. Motar da mutum biyar da buhu biyu za su sa cikinta ya taɓa ƙasa, ko mai ita ya riƙa jin ciwon a shiga masa da taɓo, ta gaza a wurin da aka fi bukatarta. Mai naƙuda a kujerar baya kuwa, shokozoba mai tauri da siririyar taya azaba za su ƙara mata.

To, ba zan rufe kunne ga ɗaya ɓangaren ba. Yaron nan guminsa ne, bai saci na kowa ba. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, mu ma da ƙuruciyarmu mun ɗaura wa kekunanmu madubi biyu da fulawar roba, masu manyan motoci kuma har yau suna zana zaki da dawisu a jikin bodi. Kakanninmu sun yi wa dawakai ado da jalala da sirdi mai kyau. Amma a lura, mai doki na gaske sai ya duba haƙora da kofato da ƙirji tukuna, in dokin ya yi, sa'an nan a yi zancen ado. Ba wanda yake rage wa doki ƙafa domin ya yi kyan gani. Kwalliyar wasanni kuwa, a hanyoyinmu, abin da take yi ke nan. Da ado ne kawai marar cutarwa, kamar launi ko ɗinkin kujera, da ban ɗauki alƙalami ba. Wanda rayuwarsa duka a Abuja take, iyalinsa suna can, motarsa ba za ta taɓa sauka daga kwalta ba, kuma kuɗin ba za su taɓa masa wani hakki ba, wannan ya sha shagalinsa, ba da shi nake ba.

Wani kuma zai ce a kasuwanci shiga tana da muhimmanci, in ka zo da mota mai kyau an fi ganin girmanka, an fi sakin jiki a ba ka kaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma na daɗe ina zuwa kasuwannin hatsi, manyan da na sani waɗanda ake ba su lodin tirela da baki kawai, ba mota ce ta jawo musu wannan ba. Sun yi shekaru suna biya a ranar da suka ce za su biya. Sabuwar mota marar fiffike ma ai sabuwar mota ce, ba wanda zai raina ta.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda ya kai ga wannan matsayi. Kafin ka biya, ka sa dillali ya rubuta maka a takarda abin da mai kwalliyar ta fi marar kwalliyar da shi, ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin kowanne. Ka sa a buɗe bonet na duka biyun ka gani da idonka. Ka tsuguna ka auna tsayin bamba daga ƙasa. Ka kwafi lambar taya, ka buga wa mai sayar da taya a Funtua waya ka ji ko yana da ita da kuma nawa ne. Ka buɗe but ka ga ko safayar cikakkiya ce ko 'yar siririyar nan ta wucin gadi. Ka tambayi inda za a riƙa yi mata sabis, da abin da garantin ya ƙunsa, da abin da zai ɓata shi. Ka tafi da bakaniken da ka amince da shi, wanda ba shi da kaso a cinikin.

Ka kuma tabbata sabuwar sabuwa ce. Akwai masu ɗaukar tsohuwar mota su canza mata fitilu da bamba da fuska su mai da ita kamar ta bana, kwalliyar wasanni kuwa ta fi komai sauƙin ɓoye tsufa da haɗari. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka na goma a jerin shi yake nuna shekarar ƙira. A gefen taya ma akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2523 yana nufin mako na 25 na shekarar 2023. Ka duba takardun kwastan da kyau, gama a Janairun 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mutane da yawa kuma sun yi asarar mota a hanya saboda takardun bogi.

In akwai rarar kuɗi kuma lalle sai ka ƙara wani abu, ka ƙara a kan abin da zai tsare rai. Jakunkunan iska na gaba da na gefe, birkin da ba ya kulle ƙafa, na'urar da take hana mota zamewa a kwana, fitila mai haske sosai, tayoyi sababbi masu kyau, da cikakkiyar inshora. Waɗannan ba a ganinsu daga nesa, ba kuma za su sa a yi maka tafi a ƙofar gidan biki ba, amma su za ka gode wa ranar da saniya ta faɗo maka titi da magariba. Abin da ya saura ka ajiye shi domin sabis da mai, gama mota kamar iyali ce, ranar ɗaurin aure ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba.

Mu iyaye ma muna da namu laifin. Mu ne muke tambayar yaro, "Wane ya sayi kaza, kai fa?" Mu ne muke tashi tsaye ga mai babbar mota, mu bar mai babur a rana. Yaran suna kallonmu, suna koyon abin da muke girmamawa. In muna so su yi hankali da dukiya, sai mu riƙa yaba wa wanda ya biya wa ƙannensa makaranta kamar yadda muke yaba wa wanda ya zo da sabon ƙarfe.

Ɗan ƙanwata dai ya koma. Da zai tafi na sa masa albarka kamar yadda ya roƙa, na kuma ba shi tambayoyin nan a rubuce a bayan wata tsohuwar ambulan. Kwanan baya ya bugo waya ya ce, "Kawu, na tambaya, injin ɗaya ne." Ya ce ya kuma tambayi kuɗin tayar, sai da ya sa aka maimaita masa sau biyu. Bai gaya mini wadda zai ɗauka ba, ni ma ban matsa masa ba, gama kuɗinsa ne, shi kuma ba yaro ƙarami ba ne. Ina dai zuba ido in ga wadda za ta tsaya a ƙofar gida lokacin hutun ƙarshen shekara. Allah ya kiyaye mana hanya, ya maido wa ƙasarmu zaman lafiya.